Wasiƙun Marubuta a Matsayin Madogarar Tarihin Adabin Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya koyar da tarihin rubutaccen adabin Hausa ya san akwai wasu tambayoyi da ɗalibai kan yi waɗanda littattafan da ke hannunmu ba su amsa ba. Ɗalibi yakan tambaya, shin Ruwan Bagaja da muke karantawa a yau haka Abubakar Imam ya rubuta shi tun farko, ko kuwa an rage wani abu an ƙara wani? Ina iyakar hannun mawallafi, daga ina kuma hannun edita ya fara? Littafin da aka riga aka buga ba ya faɗin wannan, domin shi kamar gini ne da aka gama aka yi masa yaɓe, aka kuma ɗauke tsani. Amsar irin waɗannan tambayoyi tana cikin takardun da suka riƙa kai da kawowa tsakanin marubuci da editansa, da abokansa, da sauran marubuta 'yan'uwansa, a lokacin da aikin yake ɗanye.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa musayar wasiƙu tsakanin masu alƙalami daɗaɗɗiyar al'ada ce a ƙasar Hausa, ta kuma bayyana irin amfanin da manazarci zai samu daga gare ta. Za a fi ba da ƙarfi ga abin da ya gudana tsakanin Abubakar Imam da Dokta R. M. East. Sa'an nan za a waiwayi yadda aka tattara wasiƙun marubutan ƙasar Ailan, domin a ga abin da za mu iya koya daga can, kafin a kawo shawarwari game da namu takardun da har yanzu suke warwatse.

2.0 Ma'anar Wasiƙa da Sigarta

Kalmar wasiƙa aro ce daga Larabci, kuma asalin ma'anarta shi ne takardar da ake dogara da ita a matsayin hujja. Da wannan ma'ana ce aka san takardar nan ta Shehu Usmanu Ɗanfodiyo mai suna Wasiƙatu Ahlis Sudan, wadda sanarwa ce ga jama'a baki ɗaya. Da tafiya ta yi tafiya sai Bahaushe ya taƙaita kalmar ga saƙon da wani ya rubuta wa wani. A wannan maƙala, abin da ake nufi da wasiƙar adabi shi ne duk wani rubutaccen saƙo tsakanin marubuci da waninsa, wanda ya shafi wallafa, ko harshe, ko ra'ayin da ya haifar da wallafar, ko a zube yake ko a waƙe.

Wasiƙar gargajiya tana da tsayayyen tsari. Akan buɗe da sunan Allah da salati, a ambaci mai aikowa da wanda aka aika wa tare da laƙabinsa, a jero gaisuwa da girmamawa gwargwadon matsayinsa, sa'an nan a ce "bayan haka" a shiga magana, a rufe da "haza wasalam". In ta sarki ce a buga mata hatimi. Sau da yawa akan taƙaita abin da ke cikin takarda, a bar wa manzo sauran bayani ya yi da baki. Wannan ya sa dole mai nazarin tsofaffin wasiƙu ya riƙa tuna cewa rabin saƙon kawai yake gani.

Wani abin da ke nuna cewa magabata sun ɗauki rubuta wasiƙa a matsayin fanni mai zaman kansa shi ne littafin da Alhaji Umaru ya wallafa a 1877, watau Assarhatul Wariƙa fi Ilmil Wasiƙa, wanda jagora ne ga mai son koyon tsara takarda zuwa ga mutane iri iri. Wannan malami haifaffen Kano ne, daga baya ya zauna a Salaga da Kete Karachi a ƙasar Gana ta yau, inda ya rasu a 1934.

3.0 Musayar Wasiƙu Kafin Zuwan Turawa

Tun a ƙarshen ƙarni na 15 Shaihu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463-1499) nasiha game da yadda ake tafiyar da mulki. Dalilin da ya sa wannan saƙo ya iso gare mu shi ne malamai sun yi ta kwafarsa, har shugabannin jihadi suka shigar da shi cikin nasu littattafan bayan shekaru ɗari uku. A nan wasiƙa ta tashi daga saƙo ta zama littafin karatu.

Misali mafi shahara shi ne muhawarar da aka yi a rubuce tsakanin Muhammadu Bello da Shehu Muhammadul Amin Alkanemi na Barno. Alkanemi ya nemi a gaya masa hujjar yaƙar mutanen Barno alhali su Musulmi ne, yana mai kafa dalili da cewa saɓo daban, kafirci daban. Bello ya mayar masa da amsa, shi ma ya sake maido da tasa. Abin lura ga mai nazarin adabi shi ne, da Bello ya zo wallafa Infaƙul Maisur a 1812, sai ya kawo maganar abokin jayayyarsa tare da tasa amsar. Da bai yi haka ba, da a yau gefe ɗaya kaɗai za mu ji.

Haka kuma akwai wasiƙa a waƙe. Nana Asma'u (1793-1864) ta yi musayar baitoci da ɗan'uwanta Bello, kamar waƙar da ta tsara a kan haruffan wata aya ta Suratu Alam Nashraha domin amsa wadda shi ya tsara a kan ayar a lokacin da abokan gaba suka matsa. Ta kuma yi maraba a waƙe da malamai baƙi da suka zo Sakkwato daga ƙasashen yamma. Waɗannan suna cikin ayyukanta da Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara suka buga a 1997, bisa dogaro ƙwarai da takardun gidan Waziri Junaidu.

Game da wasiƙun mulki kuwa, lokacin da Turawa suka ci Sakkwato a 1903 sun sami tarin takardu na Larabci a gidan Waziri Buhari, waɗanda H. F. Backwell ya fassara ya buga a Ikko a 1927. Ko da yake ba na adabi ba ne kai tsaye, suna nuna mana salon da marubutan fada suke bi a ƙarshen ƙarni na 19.

4.0 Abubakar Imam da Dokta East

4.1 Yadda Hulɗar ta Fara

A 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, a ƙarƙashin Dokta Rupert East (1898-1975), ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. East da kansa ya zaga manyan garuruwan Arewa yana yi wa malamai bayanin abin da ake bukata. A maƙalar da ya buga a mujallar Africa a 1936 ya bayyana wuyar da ya sha kafin ya shawo kan malamai su yarda cewa ƙaga labari aiki ne da ya dace da mai ilmi, tun da a wurinsu tatsuniya ta mata da yara ce. Gasar ta haifar da littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East.

A lokacin nan Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, saurayi ne ɗan shekara ashirin da biyu, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Shi yana Katsina, East yana Zariya, saboda haka ba su da hanyar tattauna littafin sai ta takarda. Wannan nisa shi ne ya zama alheri gare mu, domin da a ofis ɗaya suke da maganar ta tafi a iska.

4.2 Abin da Wasiƙun Suka Bayyana

Tarihin rayuwar Imam da Abdurrahman Mora ya shirya, wanda Kamfanin Buga Littattafai na Arewa ya fitar a 1989, ya kawo wasu daga cikin takardun da suka shiga tsakanin mutanen biyu. Daga abin da ke ciki za mu fahimci cewa East ya karanta rubutun Imam da idon edita, ya yaba abin da ya ga na yabo, ya kuma nuna masa labaran da ya gane cewa daga wasu littattafai aka ɗebo su, ya nemi a gyara ko a fitar. Ke nan Ruwan Bagaja da aka buga ya bi ta hannun mutum biyu kafin ya kai maɗaba'a. Shi kuma Imam bai ɓoye ba cewa Muƙamatul Hariri ce ta ba shi tsarin taurari biyu masu wasa wa juna wayo, watau yadda Abu Zaidi da Harisu suke a can, haka Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suke a nan.

Akwai darasi biyu a cikin wannan. Na farko, an sami saɓanin fahimta game da aro. East ya fito daga al'adar da take ɗaukar labari a matsayin mallakar wanda ya fara rubuta shi. Imam kuwa ya tashi a gidan malamai, inda ɗauko maganar magabata a sake mata tufafi alama ce ta zurfin karatu, kamar yadda ake yi wa waƙa tahamisi ko a yi wa littafi sharhi ba wanda ya ce an yi sata. Na biyu, matsayin East kansa ya sauya da bukata. A 1936 an ɗauko Imam daga Katsina zuwa Zariya na wajen wata shida domin ya rubuta littafin karatu na makarantu, kuma East ne ya tara masa littattafan labaru na Gabas da na Turai ya ce ya yi aiki da su. Daga nan Magana Jari Ce ta fito, juzu'i uku, tsakanin 1937 da 1939, cike da labaran da asalinsu ke cikin Alfu Laila, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan nan Grimm, amma an mayar da su Hausawa sarai, suna da sunaye da sarautu da karin magana irin namu. Abin da edita ya hana a 1934 shi ne ya zama hanyar aiki a 1936. Wanda bai san da wasiƙun farko ba, ba zai ga wannan juyi ba.

Wannan yana da muhimmanci ga muhawarar da manazarta suka daɗe suna yi a kan ko Imam mai ƙagawa ne ko mai fassara da baddalawa. Maimakon a tsaya ga zato, takardun suna ba mu damar mu bi labari ɗaya ɗaya, mu ga wanda ya kawo shi, da wanda ya ce a cire, da dalilin da ya bayar.

4.3 Daga Edita da Marubuci Zuwa Abokan Aiki

A Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam yana editan Hausa, East yana shugabantar aikin. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wadar Zariya. Sun kuma haɗa hannu sun rubuta Ikon Allah, littafin da ke bayanin halittu. Cikin shekara goma sha, wanda aka fara yi wa gyara da jan alƙalami ya zama shi ne mai gyara rubutun wasu. Yanzu shi ne masu karatu daga kowane lardi suke aiko wa takardu, shi ke zaɓen wadda za a buga, ya daidaita mata Hausa, wani lokaci ya ba da amsa. Shafin wasiƙu na Gaskiya, saboda haka, taska ce ga mai son sanin yadda daidaitacciyar Hausa ta kafu, da yadda mutanen da suka koyi boko a lokacin suka fara bayyana ra'ayinsu a rubuce.

5.0 Wasiƙa da Ra'ayin Marubuci

A 1943 Imam yana cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma da suka ziyarci Ingila, tafiyar da ya ba da labarinta a Tafiya Mabuɗin Ilmi. A can ya ƙi sa hannu a takardar neman mulkin kai da Dokta Nnamdi Azikiwe ya shirya, abin da ya jawo masa suka daga jaridun Ikko. A wannan tafiya ce kuma ya gana da Lugga, tsohon Gwamna, suka ci gaba da musayar takardu bayan ya komo gida, kafin Lugga ya rasu a 1945. A cikinsu Imam ya zayyana illolin da yake gani a tsarin mulkin En'e, da yadda ba a sauraron matasan da suka yi ilmin zamani. Wanda ya tsaya ga labarin ƙin sa hannu kaɗai zai ɗauka Imam mai goyon bayan duk abin da Turawa suka shimfiɗa ne. Wasiƙun sun nuna mutum mai son gyara, wanda ya zaɓi ya faɗi kokensa a takardar sirri ga wanda yake ganin zai iya yin wani abu.

Malam Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, ya bi wata hanya dabam. Rashin lafiya ya tsare shi a Bauci shekaru da dama, saboda haka alƙalami ya zama ƙafarsa. Ya rubuta wa jaridu, da hukuma, da abokan gwagwarmaya irin su Malam Aminu Kano. Littafin da Malam Aminu ya rubuta a kan rayuwarsa, da wanda Ɗandatti Abdulƙadir ya shirya a 1974, da tarin rubuce-rubucensa da A. M. Yakubu ya fitar a 1999, su ne suka ba mu damar karanta waƙoƙinsa tare da sanin halin da aka yi su. Waƙar Arewa Jumhuriya ko Mulukiya ta jawo martani a waƙe daga Alhaji Mudi Sipikin, wanda ya goyi bayan jumhuriya zalla. Irin wannan amsa-amsa tsakanin sha'irai ci gaba ne na al'adar da muka gani a gidan Shehu, kuma ba ta yanke ba, domin a cikin Fasaha Aƙiliya ta Alhaji Aƙilu Aliyu akwai waƙar da ya yi musamman don amsa wasiƙar da aka aiko masa a waƙe.

6.0 Misali Daga Ƙasar Ailan

An zaɓi Ailan ne domin tana da kama da mu ta fuska biyu. Ita ma Ingila ta mulke ta, kuma marubutanta sun yi fama da tambayar wane harshe za a yi rubutu da shi, wa kuma zai buga. Bambancin shi ne su an bi wasiƙun marubutansu an tattara.

James Joyce (1882-1941) ya bar Dablin ya zauna a Turai, don haka kusan duk hulɗarsa da masu buga littattafai ta takarda ce. A 1906 wani mai kamfanin ɗab'i a Landan, Grant Richards, ya karɓi tarin gajerun labaransa mai suna Dubliners, sa'an nan ma'aikacin maɗaba'a ya ƙi buga wasu wurare don yana ganin akwai kalmomin da ba su dace ba, kuma dokar Ingila a lokacin tana iya kama shi kansa. Joyce ya yi ta rubuto dogayen wasiƙu yana kare kalmominsa ɗaya bayan ɗaya. Littafin bai fito ba sai 1914. A cikin waɗannan takardu na jayayya ne ya fi bayyana manufarsa ta rubuta labaran, har ya zama a yau ba mai nazarin littafin da zai tsallake su. An buga juzu'in farko na wasiƙunsa a 1957, Richard Ellmann ya ƙara biyu a 1966.

Samuel Beckett (1906-1989) ya ba da izinin a buga nasa wasiƙun bisa sharaɗin a tsaya ga waɗanda suka shafi aikinsa. Masu shiryawa sun gano fiye da 15,000, suka zaɓa suka fitar da juzu'i huɗu a Kambirij tsakanin 2009 da 2016. Wannan sharaɗi nasa abin dubawa ne gare mu, kamar yadda za a gani nan gaba.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne Joyce Cary, haifaffen garin Derry a 1888, wanda ya yi aikin mulki a Nijeriya ta Arewa. Ya zauna a Nafaɗa, ya ji rauni a yaƙin Kamaru a Dutsen Mora a 1915, daga baya ya riƙe ƙasar Borgu, ya bar aiki a 1920. Daga Borgu ya riƙa rubuta wa matarsa wasiƙu a kai a kai, yana ba ta labarin shari'u da aikin hanya da gadoji da kaɗaicin da yake ciki. Takardunsa suna ajiye a ɗakin karatu na Bodleian a Okisfod, kuma da su M. M. Mahood ta yi amfani a littafinta na 1964 ta nuna yadda abin da ya gani ya rikiɗa ya zama Mister Johnson (1939). Wannan littafi ne Chinua Achebe ya ce yana cikin abubuwan da suka tunzura shi ya rubuta nasa labarin, don bai yarda da hoton ɗan Afirka da aka zana a ciki ba. Abin takaici shi ne, zaman shekara kaɗan da baƙo ya yi a ƙasarmu an san shi kusan mako mako, alhali marubutanmu da suka yi shekara hamsin suna rubutu ba mu da juzu'i ko ɗaya da aka keɓe wa wasiƙun ɗayansu.

7.0 Hattara Wajen Amfani da Wasiƙa

Kada a ɗauka duk abin da ke cikin wasiƙa shi ne zuciyar mai ita. Akwai abubuwa huɗu da ya kamata manazarci ya kiyaye.

Na farko, matsayin mutanen biyu. East shugaba ne Bature a zamanin mulkin mallaka, kuma tsohon malami a Kwalejin Katsina, Imam kuwa ƙaramin ma'aikaci. In Imam ya amsa gyara da godiya, wannan ladabi ne da ya wajaba a kansa, ba lalle ne ya zama ya gamsu ba. Bahaushe yakan ce "to" ga babba ko da a ransa akwai magana.

Na biyu, harshe. Mutumin da ya rubuta takarda da Ingilishi zuwa ga hukuma, ya rubuta wata da Hausa zuwa ga aboki, wata kuma da Larabci zuwa ga malaminsa, kowace da irin muryar da zai yi amfani da ita. Sai an haɗa su kafin a san shi.

Na uku, gefe ɗaya yakan tsira. Ofis yana da fayil, yana ajiye kwafen abin da ya aika da abin da ya karɓa, amma takardar da ta shiga gida ba ta da wannan gata. Don haka muryar hukuma ta fi yawa a abin da ya rage, kuma tilas a yi la'akari da wannan kafin a yanke hukunci.

Na huɗu, amana. Wasiƙa sirri ce tsakanin mutum biyu, kuma a cikinta akan ambaci iyali da bashi da rashin jituwa. Al'adarmu ta kunya da addininmu ba su yarda a tona asirin mamaci ba. Hanyar da Beckett ya shata tana iya yi mana amfani, watau a buga abin da ya shafi aiki da izinin magada, sauran kuma a adana shi a killace, kada a ƙone.

8.0 Ina Takardun Suke?

Wasu suna Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, cikin fayilolin ilmi da na lardi. Wasu suna Gidan Arewa, wasu a Gidan Mambayya da Gidan Ɗan Hausa a Kano, wasu a Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Amma mafi yawa suna gidajen mutane, cikin adaka da gafaka da tsofaffin akwatuna, inda gara da ɗigon damina da gobara suke cin rabonsu kowace shekara. Sau da yawa in malami ya rasu akan raba littattafansa a gado, takardun da ba su da bango kuwa a ɗauke su tarkace.

Kuskure ne kuma a taƙaita nema ga manyan birane. A ɗauki kudancin Kano, watau ƙasashen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, waɗanda hanyoyinsu suke haɗuwa a Kwanar Dangora a kan titin Kano zuwa Zariya. Wannan yanki yana tsakanin cibiyar ciniki da cibiyar ɗab'i, kuma tun kafin mota ta nan matafiya suke bi. Ta Bebeji Clapperton ya bi a 1826 daga Zariya zuwa Kano, ɗauke da takardun Sarkin Ingila zuwa ga Sarkin Musulmi Bello da Shehun Barno, ta nan kuma rundunar Turawa ta bi a farkon Fabrairun 1903. Garuruwan da ke kan irin wannan hanya ba sa rasa gidajen limamai da alƙalai da malaman zaure masu ajiyar ijaza da fatawa da waƙoƙin ajami da aka aiko musu, haka kuma ba sa rasa tsofaffin malaman makaranta da na Yaƙi da Jahilci waɗanda suka yi hulɗa da Gaskiya da Hukumar NORLA a shekarun 1950. Ɗalibin digiri na biyu da ya fito daga wannan yanki, wanda aka san iyayensa, ya fi kowa damar a buɗe masa adaka. Abin da ake bukata gare shi shi ne ya ɗauki hoton takarda a inda take, ya rubuta sunan gidan da kwanan wata da bayanin da masu ita suka yi, ya bar musu abarsu.

Marubutan baya-bayan nan ma suna cikin wannan hali. Littattafan da aka riƙa bugawa a Kano tun daga ƙarshen shekarun 1980, irin na ƙungiyar Raina Kama, sun jawo wasiƙu masu yawa daga makaranta maza da mata, har wasu marubutan sukan buga kaɗan daga ciki a littattafansu. Waɗannan su ne shaidar yadda jama'a suka karɓi wannan adabi. A yau kuwa hulɗar marubuci da edita da mai karatu ta koma wayar hannu, ta WhatsApp da Facebook, inda saƙo yakan ɓace ranar da waya ta lalace ko aka sace ta. Takardar 1934 ta fi saƙon bara tsawon rai.

9.0 Kammalawa

An nuna a wannan maƙala cewa musayar wasiƙu tsakanin masu ilmi ta daɗe a ƙasar Hausa, tun daga Magili da Rumfa, zuwa Bello da Alkanemi, zuwa Imam da East. An kuma nuna cewa wasiƙa tana bayyana tarihin matani, da rawar da edita ya taka, da ra'ayin marubuci wanda bai fito a littafinsa ba, muddin an karanta ta da lura. Shawarar da za a bayar ita ce sassan koyar da Hausa na jami'o'inmu su amince da tattara wasiƙun marubuci ɗaya, da tsara su bisa shekaru, da yi musu sharhi, a matsayin cikakken aikin neman digiri. Ya dace a fara da Alhaji Abubakar Imam, wanda ya rasu a 1981, tun da an riga an san inda wasu takardunsa suke, sa'an nan a bi da Sa'adu Zungur da Aƙilu Aliyu da Mudi Sipikin. Marubutan da ke raye kuma a roƙe su su riƙa ajiye kwafen abin da suka aika da wanda suka karɓa, su kuma bar wasiyyar inda za a kai shi. Waɗanda suka san hannun waɗannan bayin Allah, suka kuma san wane ne ake nufi da wane a cikin takardunsu, suna ta raguwa, don haka aikin ba ya son jinkiri.